Corbyn da Starmer: wanne ya fi tsaya wa talakan Birtaniya?

Ɗan uwa, ka tambaya a zaure cewa tunda Jeremy Corbyn ya jagoranci jam'iyyar Labour ta faɗi zaɓe sau biyu, Keir Starmer kuwa ya ci da gagarumin rinjaye, me ya sa wasunmu ke kewar Corbyn har yanzu? Ni ina cikin masu kewar, ga kuma hujjata.

Yawan kujeru ne ke ruɗar mutane. A zaɓen 2017 Labour ƙarƙashin Corbyn ta samu ƙuri'a kusan miliyan 12.9, kashi 40 cikin ɗari, har Firaminista Theresa May ta jam'iyyar Conservative ta rasa rinjayenta a majalisa. A 2019 ya sha kaye mai muni, kujeru 202, mafi ƙaranci tun 1935, amma duk da haka ya tara ƙuri'a kusan miliyan 10.3. Starmer a watan Yulin 2024 ya kwashe kujeru 411 cikin 650 da ƙuri'a miliyan 9.7 kacal. Wato wanda ya ci bai kai wanda ya faɗi yawan masu zaɓe ba. Dalili kuwa tsarin zaɓen ƙasar ne: a kowace mazaɓa, wanda ya fi ƙuri'a ko da guda ɗaya ce shi ke ɗauke kujera. Jama'a sun gaji da Conservative bayan shekara 14, jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ta tsaga ƙuri'unsu, sai Labour ta tsinci dami a kala.

Kan manufa kuwa, Corbyn ya yi alkawarin mayar da jiragen ƙasa, ruwan sha da gidan waya hannun gwamnati, da soke kuɗin karatun jami'a. Lokacin da Starmer ke neman shugabancin jam'iyya a 2020 ya kawo alkawura goma masu kama da waɗannan, 'yan jam'iyya suka zaɓe shi a kansu, daga baya ya riƙa janye su ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin jami'a da ya ce zai soke, ƙara shi aka yi zuwa fam 9,535 a shekara a 2025. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne dokar da Conservative suka kawo a 2017 mai hana iyali tallafi kan ɗa na uku zuwa sama. Makonni kaɗan da hawan Starmer, 'yan majalisar Labour bakwai suka kaɗa ƙuri'ar a soke ta, aka dakatar da su. Sai a kasafin Nuwamban 2025 gwamnati ta sanar da soke ta, bayan yara talakawa sun ƙara shan wahala fiye da shekara guda. Gaskiya ya yi wasu abubuwan kirki: ya binne shirin kai masu neman mafaka Ruwanda, ya kuma fara karɓe kamfanonin jirgin ƙasa.

Gaza ce ta fi raba su a fili. Corbyn ya shafe shekaru yana tsaya wa Falasɗinawa tun ba a yayi. Starmer kuwa a Oktoban 2023, da aka tambaye shi a gidan rediyon LBC kan yanke wa Gaza ruwa da wuta, ya amsa cewa Isra'ila na da wannan 'yancin, daga baya ya ce ba haka yake nufi ba. A Nuwamba 'yan majalisar Labour 56 suka bijire masa suka goyi bayan tsagaita wuta. Musulmin Birtaniya ba su manta ba: 'yan takara huɗu masu zaman kansu sun kayar da Labour a Blackburn, Leicester ta Kudu, Dewsbury da Batley, da Perry Barr ta Birmingham. Amincewa da ƙasar Falasɗinu sai Satumban 2025 ta zo.

Corbyn ma yana da nasa laifin. Ya yi sakaci da ƙorafe-ƙorafen ƙyamar Yahudawa a cikin jam'iyya, har hukumar kare daidaito ta ƙasar ta samu Labour da karya doka a 2020. Matsayinsa kan ficewa daga Tarayyar Turai bai fito fili ba, ya rasa garuruwan ma'aikata na arewacin Ingila. Sai dai a tuna, wanda ya fi matsa lamba kan sake ƙuri'ar raba gardama a lokacin shi ne Starmer, domin shi ne kakakin Labour kan batun ficewar.

Jaridu ma ba su yi musu awo da mudu ɗaya ba. Daily Mail da The Sun sun yi shekaru suna nuna Corbyn a matsayin haɗari ga ƙasa, The Sun ta Rupert Murdoch kuwa ta goyi bayan Labour a 2024.

Ga 'yan uwanmu da ke aikin kula da tsofaffi a can, bambancin ya taɓa su kai tsaye. A Mayun 2025 Starmer ya yi gargaɗin cewa Birtaniya za ta iya zama tsibirin baƙin juna, gwamnatinsa kuma ta rufe ɗaukar ma'aikatan kula daga ƙasashen waje. Corbyn, wanda jam'iyya ta hana takara, ya tsaya a matsayin mai zaman kansa a 2024 a Islington ta Arewa, mazaɓar da yake wakilta tun 1983, ya kayar da ɗan takarar Labour.