Maktabin safara a Jidda da bizar aure ta Amurka: inda suka taimaka da inda za su iya kai mutum su baro

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Saudiyya. Ina so in yi bayani a kan wani maktabin safara da ke nan Jidda wajen Balad, wanda mutanenmu da yawa suke zuwa yankan tikiti da gyaran takardu, ba zan kama suna ba amma duk wadda ta samu bizar aure ta Amurka kuma tana da abin da zai dawo da ita Saudiyya na ɗan lokaci, don Allah ta karanta kafin ta je.

Ni dai maigidana yana Amurka, shi ya cike min, aka yi min intabiyu a ofishin jakadancinsu na Riyad aka ba ni biza irin CR1 tunda aurenmu bai kai shekara 2 ba. Matsalar ita ce kwantiragin aikina bai ƙare ba, ga Hajiyarmu a Makka ba ta jin daɗi, ba yadda za a yi in tattara gaba ɗaya in tafi. Dole in shiga Amurka in dawo in ƙarasa sannan in koma.

Gaskiya a ɓangaren tikiti da takardun nan gida ba ni da abin cewa sai godiya. Bawan Allahn da ke zaune a teburin farko, Bahaushe ne haifaffen Makka, yana karɓar fasfo ɗina ya buɗe shafin bizar ya ɗora yatsa a kan ranar ƙarewa ya ce "Hajiya kin lura kuwa? Wannan ba daga ranar da aka buga take lissafi ba fa." Kuma haka ne, bizar nan yawanci wata 6 ce amma tana bin ranar gwajin asibiti, wato idan an daɗe tsakanin gwaji da intabiyu sai ki ga kwanakin sun ragu sosai, in kuma ta mutu ba ki shiga ba kin jawo wa kanki wani sabon aiki da sabon kashe kuɗi. Nan take ya matso min da ranar tafiya. Ya kuma duba sunana harafi-harafi ya ga ya yi daidai da na fasfo, ya ce in hau Saudia kai tsaye daga Jidda zuwa New York kada in bi ta Turai a tsaya ana tambayata bizar wucewa. Ya fi tsada kam, amma hankalina ya kwanta.

Maganar khuruj wa auda, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, ma shi ya zauna ya lissafa min, riyal 200 na wata 2 in tafiya ɗaya ce, kowane ƙarin wata riyal 100, ya ce in tabbatar kafili ya fitar min ta Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, kuma iƙama, katin zamana na Saudiyya, tana da sauran kwana, kada in kuskura a yi min khuruj niha'i, wato fita ta ƙarshe, tunda zan dawo. Wannan duk sun iya shi kamar ruwa, aikinsu ne na kullum. Kuɗin hidimarsu bai yi yawa ba, sai dai wurin ƙarami ne kuma bayan Magariba cika yake, in kina da yara gara ki je da safe.

Toh inda na ga matsala shi ne da aka zo maganar dokar Amurka. Wani na biyu a ofishin, da ya ji zan dawo, sai ya ce ai ma fi mushkila, wato ba matsala, ki zauna a nan abinki duk wata 6 ki leƙa Amurka a buga miki hatimi ki dawo, haka kowa yake yi. Wallahi wannan magana ta dame ni don na san akwai matan da za su ɗauke ta su riƙe. Da na isa, maigidana ya kai ni wajen lauyar shige da fice, abin da ta faɗa ya sha bamban. Katin zama na Amurka, wato green card, na wanda ya mai da Amurka gida ne, jami'in filin jirgi yana duba inda rayuwarki take a zahiri, in ya ga aikinki da gidanki da komai naki suna Jidda kina zuwa ne kawai ki taɓa ƙasa ki juya, zai iya cewa kin yi watsi da zamanki ko da ba ki taɓa wuce wata 6 ba.

Ga yadda abin yake. Ranar da kika shiga aka buga hatimi a kan bizar, daga ranar kin zama mai izinin zama, kuma bizar da hatimin su ne shaidarki har shekara 1, za ki iya fita ki dawo da su ko katin bai iso ba. Katin kansa ta gidan waya ake aiko shi adireshin da kika bayar a Amurka, bayan an biya kuɗin USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, dala 235, gara a biya tun kafin a tashi. Tafiyar da ba ta kai wata 6 ba yawanci ba ta da hayaniya. In ta haura kwana 180 za ki sha tambayoyi a bakin shiga, kuma tana iya katse miki lissafin zaman da ake bukata ranar da za ki nemi zama 'yar ƙasa. In ta kai shekara, katin shi kaɗai ba zai shigar da ke ba, sai dai ki koma ofishin jakadanci neman bizar SB-1, ita kuwa sai kin kawo hujjar cewa abin da ya tsare ki ya fi ƙarfinki, ba a samunta da sauƙi.

Wadda ta san za ta daɗe, akwai takardar izinin dawowa da ake nema da fom I-131, tana kaiwa shekara 2, amma dole kina cikin Amurka za a shigar da ita kuma ana iya kiranki ɗaukar hoton yatsu, saboda haka tikitin sati ɗaya da maktabin ya so ya yanka min ba zai ishi wannan ba. Su ba su ma kawo zancenta ba sam. Haka kuma ba su san cewa mu masu CR1 katinmu na shekara 2 ne mai sharaɗi, a cikin kwana 90 na ƙarshe ake cike fom I-751 na cire sharaɗin tare da miji a nuna ana zaman aure na gaskiya, yanzu in kin shafe rabin lokacin kina Jidda shi yana can, me za ki nuna? Ga haraji, mai katin zama yana cike takardar harajin Amurka har da albashin da ya samu a Saudiyya.

Abin da na yi, kafin in juyo an sa sunana a takardar hayar gida da asusun banki, na riƙe kwafin kwantiragina mai nuna ranar ƙarewa da takardun asibitin Hajiya, na kuma yanki tikitin komawa tun daga can. A filin jirgin Jidda ranar komawa ma'aikacin kanta ya daɗe yana jujjuya fasfon yana neman kati, sai da ya kira babbansu ya karanta rubutun da ke ƙasan bizar sannan ya ba ni takardar shiga jirgi, don haka a je da wuri.

Zan sake zuwa maktabin nan yankan tikiti, kuma na tura ƙawata ma. Amma na koma na sami mai ofishin na ce masa Alhaji don girman Allah ka hana yaranka ba mutane fatawa a kan katin Amurka, auren mutane da zamansu ne a ciki, in an tambaye su su ce a nemi lauya ko a duba shafin USCIS. Ya saurare ni da mutunci, ya ce zai yi musu magana.