Motar haya ta Sokoto zuwa Konni, ga yadda na gan ta

Jiya na bi wata 'yar motar haya daga tasha zan kai ma gwaggota saƙo Konni, nace bari in ba 'yan uwa labari. Direban wani dattijo ne, mutumin kirki wallahi, ba ya gudun banza kuma kujerar gaba mutum ɗaya ya ɗauka, abin da ba kowa ke yi ba. Matsalarsa guda, gilashin baya ba ya rufuwa, kafin mu kai Gwadabawa ƙura ta mai da ni kamar na fito daga rami.

Tun daga tasha har Illela hirar ECOWAS yake mana, yadda anka rufe boda bayan juyin mulkin Yulin 2023 da sojoji sunka kifar da shugaban Nijar Bazoum, Najeriya ta yanke ma Nijar wuta, shi kuma ya koma lodin Illela kawai ya dawo. Sai a Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin, amma dai Nijar da Mali da Burkina Faso sunka fice a Janairun 2025 sunka riƙe AES ɗinsu, wato ƙawancen ƙasashen Sahel. Ni dai har yau ban ga ribar da takunkumin nan ya kawo ba, Illela da Konni dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya.

A boda ya sauka da kansa ya nuna mani inda zan canza naira zuwa sefa kada a cuce ni. Zan sake bin shi, amma Baba don Allah a gyara gilashin nan.