Zuwan Farko Landan: Bas Ɗin 'Yan Yawo, Ɗan Jagora ko Ƙafarka?

Wanda ya biya kuɗin biza, ya sayi tikitin jirgi, ya kama masauki a Landan, abin da ke rage masa na yawon buɗe ido sau da yawa bai taka kara ya karya ba. A kan wannan ragowar kuma kamfanoni ke rububi. Tun ba ka ɗaure kaya ba talla za ta cika maka waya: ga bas mai buɗaɗɗen sama, ga katin da zai shigar da kai wurare da dama, ga jirgin ruwa a kogin Thames, ga motar da za ta kai ka garuruwa uku a yini ɗaya. Kowanne da amfaninsa, amma mai kwana uku ko huɗu ba zai iya haɗa su duka ba. A ganina zirga-zirga a Landan ba ita ce matsala ba, domin garin ya wadatu da abin hawa mai sauƙin kuɗi. Abin da baƙo ya rasa shi ne wanda zai gaya masa abin da yake kallo. Can ya kamata kuɗin su tafi.

Mu fara da abin da aka fi yi wa talla, wato bas mai hawa biyu wanda samansa ba rufi, irin na Big Bus da Tootbus. Kana sayen tikitin yini ɗaya ko biyu, ka hau inda ka so, ka sauka inda ka ga dama, a ba ka abin sa wa a kunne ka riƙa jin bayanin da aka naɗa. Tikitin yini na babba yakan haura fam 30, wasu ma sukan haɗa da ɗan gajeren yawo a jirgin ruwa. Idan kana tare da tsoho, ko mai ciwon gwiwa, ko yaran da ba za su jure tafiyar ƙasa ba, wannan kuɗi bai tafi a banza ba. Haka nan ranar da ka sauka, jiki a mace, zagaye ɗaya kana zaune zai nuna maka yadda garin ya kwanta.

Sai dai bas ɗin ba shi da hanyarsa daban. Cunkoson da ya tsare kowa shi ma zai tsare shi, kuma tsakiyar Landan da rana wani lokaci mai ƙafa yakan riga mai mota. Idan ka sauka, sai ka jira na gaba, wanda zai iya zuwa a cike. Ba ya bi ta ƙofar Fadar Buckingham, a gefe yake ajiye ka ka ƙarasa da ƙafa. Da yamma kuma yake tashi daga aiki, alhali a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Ga ruwan sama da ba ya sallama. In ya sauko, kowa ya ruga ƙasa, ka koma leƙen gari ta gilashin da ya yi raɓa.

Jan bas na gari, wanda 'yan Landan ke hawa zuwa aiki, shi ma hawa biyu ne, kuma kuɗinsa bai kai fam 2 ba. Idan ka canza bas cikin awa ɗaya ba za a sake cirar maka ko kwabo ba. Lamba 15 tana tashi daga wajen Dandalin Trafalgar, ta bi Strand da Fleet Street, ta wuce gaban Majami'ar St Paul, ta ajiye ka daf da tsohuwar fada mai ganuwa da ake kira Tower of London. Lamba 24 tana ratsa Westminster da Trafalgar har Camden. Ka hau sama ka nemi kujerar gaba. Abin da ka rasa kawai muryar nan ta kunne. Amma ka sani tun 2014 bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi. Sai katin sufuri na Oyster ko katin banki mai taɓawa, kuma kowa da nasa, ba a taɓa kati ɗaya wa mutum biyu. Kafin ka taso ka tambayi bankinka ko katinka zai yi aiki a waje da kuma abin da za su riƙa cira. In akwai shakka, ka sayi Oyster a tashar jirgin ƙasa ka loda masa kuɗi. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 kyauta suke hawa bas, haka ma jirgin ƙarƙashin ƙasa idan suna tare da babban da ya biya.

Yanzu ga inda nake so ka kashe kuɗi. Yankin Westminster, inda mafi yawan abin da ka saba gani a talabijin yake, tafiyar ƙafa ce da ba ta wuce 'yan kilomita ba. Daga ginin majalisa da agogon Big Ben, ka bi Whitehall ka wuce ƙofar ƙarfen da aka kafa a bakin Downing Street a 1989, ka ratsa filin dakarun doki da lambun St James, ka ɓulla gaban fada, ka dawo ta The Mall zuwa Trafalgar. Kai kaɗai za ka iya, amma gine-gine kawai za ka gani. Da ɗan jagora mai baki, a nan za ka ji yadda majalisa ta gurfanar da Sarki Charles na ɗaya aka fille masa kai a 1649 a bakin wannan titin na Whitehall, ka ji dalilin da mutum-mutumin Mandela da na Gandhi suka zo suna tsaye a dandalin majalisar ƙasar da ta taɓa mulkin ƙasashensu.

'Yan jagoran iri biyu ne. Akwai yawon da ake kira na kyauta, inda kake sa suna a intanet, ku haɗu a wani wuri, a yi awa biyu ko uku ana tafe ana bayani, a ƙarshe kowa ya ba da abin da ya ga ya dace. Sunansa ne kyauta. Ɗan jagoran da wannan ihsanin yake ci, saboda haka ka tanadi fam 10 ko sama da haka kowane mutum, kada ka zame ka bar shi da na gode. Ingancinsu sa'a ce: wani ɗalibin tarihi ne da ya san abinsa, wani kuma barkwanci ya haddace. Taron ma yakan yi yawa, na baya ba ya ji. Ka duba abin da waɗanda suka bi su kwanan nan suka rubuta, ka kuma tsaya kusa da mai magana, musamman idan kunnenka bai saba da Turancin 'yan Landan mai sauri ba.

Sai masu shuɗin baji, waɗanda ake kira Blue Badge. Waɗannan sun yi dogon horo sun ci jarrabawa, kuma su aka yarje wa su shiga da baƙi su yi bayani a cikin wurare kamar Majami'ar Westminster. Ɗaukar ɗaya domin kai kaɗai tsada ce, rabin yini ma maganar ɗaruruwan fam ake yi. Amma kuɗin na tawaga ne, ba na kowane mutum ba. Iyali mai mutum shida ko bakwai in suka raba, za su tarar bai fi abin da za su ba bas mai buɗaɗɗen sama da yawa ba, ga shi kuma za su iya cewa a tsaya a huta, a tsaya a yi salla, a maimaita abin da Baba bai ji ba.

Wuri ɗaya da ba ka buƙatar ɗauko kowa shi ne Tower of London. Tikitin ya haura fam 30, kuma in wuri ɗaya tak za ka biya a duk tafiyar, to shi ne. Sarki William wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066 shi ya fara gina farar hasumiyar da ke tsakiya, wurin kuma ya yi fada, ya yi kurkuku, ya yi ma'ajiyar makamai. Dogarawan da ke gadinsa, masu kayan nan na gargajiya, tsofaffin sojoji ne da sai mutum ya yi aƙalla shekara 22 a aiki kafin a ɗauke shi, kuma a cikin ganuwar suke zaune da iyalansu. Su ne ke zagayawa da baƙi, kuɗin yana cikin tikitinka. Ka isa da sassafe, ka fara da ɗakin kambunan sarauta kafin layi ya yi tsawo, inda za ka ga lu'ulu'un Cullinan da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905, sannan ka dawo bakin ƙofa ka bi dogari.

Katin shiga wurare da yawa, irin London Pass, lissafi yake so, ba sha'awa ba. Ka ɗauki takarda ka rubuta wuraren da lalle za ka shiga, ka duba kuɗin kowanne a shafinsa, ka tara, ka gwada da kuɗin katin. Kafin katin ya biya kansa yawanci sai ka shiga wurare masu tsada kamar uku a kowace rana, kwanakin kuma a jere suke tafiya da zarar ka fara amfani da shi. Tower kaɗai zai ci maka awa uku. Mai katin nan yakan zama kamar wanda ya biya kuɗin tuwo kwano goma, ya ƙoshi a na biyu, amma ya ci gaba da cusawa don kada kuɗinsa su tafi. Ka kuma lura cewa cikin manyan wuraren da ke ɗaga darajar katin akwai majami'u. Idan ba ka da niyyar shiga, ka cire su daga lissafi tun farko. In kuwa za ka shiga, ka tuna ranar Lahadi Majami'ar Westminster ta masu ibada ce, ba a yawon kallo.

Abin da ya ƙara karya darajar katin shi ne manyan gidajen tarihin Landan kyauta ake shiga. British Museum, wanda aka kafa a 1753, da gidan zane-zane na National Gallery, da gidan tarihin halittu da na kimiyya da ke South Kensington, duk ba a karɓar kuɗin ƙofa, sai dai gara ka kama lokaci a intanet don gudun layi. British Museum ba a gama shi a yini, kada ma ka gwada. Ka zaɓi ɗaki uku ko huɗu. A ɗaki na 25 da ke ƙasa aka ajiye kayan Afirka, ciki har da tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897, waɗanda Najeriya ke neman a dawo mata da su har yau. A sama akwai sashen duniyar Musulunci da aka buɗe a 2018. Gidan yana da 'yan sa-kai da ke yin gajeren zagaye kyauta a wasu ɗakuna. Ka duba jadawalin ranar da ka shiga. Haka batun hango gari daga sama: London Eye, katon lilo mai juyawa mai tsayin mita 135, rabin awa ne a kan kuɗi masu kauri, alhali Sky Garden, lambun da ke saman wani dogon bene, kyauta ne ga wanda ya kama gurbi da wuri.

Jirgin ruwa kam ina goyon bayansa, musamman zuwa Greenwich. Na 'yan yawo, irin City Cruises, yana tafiya a hankali da bayani, kusan awa ɗaya daga Westminster. Na Thames Clippers ya fi sauri, yana karɓar katin taɓawa, amma ba mai ce maka uffan. Ka je da na farko, ka dawo da jirgin ƙasa. A kan tudun Greenwich ne layin da aka amince da shi a 1884 ya raba duniya gabas da yamma, layin da in ka bi shi kudu zai ratsa Tema ta ƙasar Gana.

Motar da ke haɗa Windsor da Stonehenge da Bath a yini ɗaya, ka bar ta sai wani zuwan. Awa goma sha ɗaya ko fiye ce, mafi yawanta a kan kujera. In Fadar Windsor kake so, jirgin ƙasa daga Waterloo ko Paddington zai kai ka cikin kamar awa ɗaya, sai dai ka tabbatar fadar a buɗe take ranar, don ba kullum ba ne. Sauyin dogarawa a Buckingham ma ba kullum ake yi ba, kuma kyauta ne, kada wani ya sayar maka da tikitinsa.

Duk wanda za ka zaɓa, ka auna shi da lokutan salla. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba su taru cikin 'yan awoyi, kuma yawon tawaga ba ya jiran kowa. Saboda haka da hunturu ka ɗauki na safe. Babban masallacin Regent's Park yana kusa da Baker Street, ga gidajen abincin halal na Edgware Road ba nisa. Masallacin Whitechapel kuma ɗan taku ne daga Aldgate, inda lamba 15 ke bi bayan ta wuce Tower.

Kada ka biya komai sai biza ta fito. In ta fito, tikitin Tower da makamantansa ka saya a shafin wurin da kansa, ba wajen dillalai ba. In kuwa ta hannun dillali za ka kama ɗan jagora, ka zaɓi wanda ke mayar da kuɗi idan ka fasa da wuri. Kekunan nan masu fitilu da kiɗa da ke jiran baƙi a Oxford Street da gadar Westminster kuma, kada ka ɗora ƙafa sai kun yi ciniki, ka kuma tambaya ko kuɗin da ya faɗa na tafiyar ne gaba ɗaya ko na kowane minti.