Shagon Hajiya mai hatsi a kasuwar Asawase

Duk goman ƙarshe na azumi, mu matan layinmu a Aboabo, cikin Kumasi ta Ghana, muna haɗa kuɗi mu sayi abinci mu raba wa gidajen marayu da zawarawa kafin Sallah. Bana ni aka ɗora wa sayayya, sai na nufi shagon wata Hajiya mai sayar da hatsi a sari cikin kasuwar Asawase.

Na sayi shinkafa buhu 6 masu kilo 25, da wake, da garin rogo. Abin da ya burge ni shi ne awonta. Ba ta lotsa gindin olonka, wato gwangwanin awo, kamar yadda wasu ke yi, kuma sai ta cika ta yi tozo. Da ta ji na marayu ne, ta ce, "Ƙanwata, ai da kin faɗa tun farko," ta sa yaronta ya ƙara olonka biyu na wake, ta ce nata ladan ke nan. Ta karɓi kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, abin da ya hutar da ni yawo da sidi a jaka cikin wannan cunkoso.

Inda ta ɓata mini rai shi ne kawo kaya. An ce mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, zai iso bayan azahar, bai zo ba sai dab da magariba, muna zaune bakinmu a bushe da ledoji a hannu. Buhun wake ɗaya kuma akwai ƙwari a ƙasansa, sai da muka shanya muka sheƙe.

Zan koma baɗi in Allah ya kai mu, amma da mai aboboyata zan je.