Gargaɗi ga masu sayen monita a Facebook

Jama'a, a yi hattara da wani mai tallar monita a Facebook da WhatsApp. Ni ya cuce ni, kuma ba na so ya ƙara da wani.

Aikina lissafin shago ne a Excel, allon laftof ɗina ya yi mini ƙanƙanta har idona na ciwo, shi ya sa na shiga neman monitar da zan jona. Na ga tallarsa: inci 24, Full HD, sabuwa dal a kwali, kuɗin kusan rabin na kasuwa. Ya ce yana Legas, in tura rabi, in cika idan direba ya iso tasha a Kano. Na tura. Da kaya suka iso direba ya ce shi ɗan aike ne, ba zai jira in buɗe ba, na cika kuɗi na taho.

A gida na tarar da tsohuwar monita ta hannu, an goge ta tas an manna mata sitika. Ramin jona waya irin na da, wato VGA, kaɗai ne a bayanta, babu na zamani, wato HDMI. Ya haɗo da wata waya mai kan HDMI a gefe ɗaya, kan VGA a ɗaya gefen, wai kyauta. Na jona, na danna maɓallan Windows da P don hoto ya fito a monitar, allo baƙi ƙirin. Wani mai gyara ne ya fahimtar da ni cewa HDMI da VGA ba irin saƙo ɗaya suke aikawa ba, dole sai da ƙaramar na'urar da ke juya saƙon a tsakani, zallar waya ba ta iyawa. Na sayo na'urar da kuɗina, hoto ya fito. Da na shiga saitin allo sai na ga iyakar kyan hotonta 1366 x 768, alhali Full HD 1920 x 1080 ne. Na ɗauko tef na auna daga kusurwa zuwa kusurwa, ko inci 19 ba ta cika ba. Tana yin zafi kuma sai layuka su sauko, hasken ya dusashe.

Na kira shi, ya ce laftof ɗina ne mai matsala. Washegari ya toshe lambata.

Don Allah duk mai son monita ya ɗauki laftof ɗinsa ya je shago a jona a gabansa. Ya duba lambar samfurin da ke bayanta, ya buɗe farin shafi da baƙi ko zai ga ɗigon da ya lalace a allon, ya bar ta a kunne ko minti 20 ne. Masu USB-C su ma su gwada, domin ba kowane ramin USB-C ke fitar da hoto ba.

Jiya na sake ganin hotunan tallar nan a wani sabon shafi da wani suna. Monita ce a kan jar darduma, kwalinta a jingine a baya, kuma har yanzu cewa yake a tura rabi tukuna.