Gargaɗi ga maharban Kebbi: ku kula da mai tallan madubin bindiga a WhatsApp

Jama'a, musamman 'yan uwana masu harbin hasbiya da gafiya a fadamun Argungu zuwa Suru, akwai wani mutum da ke yawo da hotunan madubin bindiga a zaurukan WhatsApp da Facebook. Ni ya riga ya ci kuɗina, naira dubu 85, shi ya sa na ce bari in faɗa tun bai ci na wani ba. Ba zan kama suna ba, don sunan da yake amsawa daban, wanda ke kan asusun bankin da ya turo daban.

Bindigata ta iska ce, mai sifirin, kuma da lasisinta. Wanda bai sani ba ya sani: dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da izinin 'yan sanda ake riƙewa. Mutumin ya ce madubin na kamfanin Leupold ne, 3-9x40, wato mai kusanto da abu sau 3 zuwa 9, gwanjon Amurka, har da zoben nan mai ruwan zinare a baki. Ya turo bidiyo yana fasa murfin kwalba daga taku kamar goma sha biyar. Na tura kuɗi, ya aiko da kaya a motar haya, na karɓa a tasha.

Bidiyon nan shi ne tarkon. Na ɗaura madubi, na yi saiti a mita 20, dalma tana faɗawa inda nake so. Sai da na matsa mita 50 abu ya lalace: kowane harbi sai ya zame dama. Na ɗora wa iska laifi, na ɗora wa dalma, na canza gwangwani biyu. Na kira shi, ya ce, "Haba Alhaji, hannunka ne ke rawa, a rage shayi." Wallahi har na fara yarda. Mako uku ina zargin idona.

Kawuna ne ya warware min, tsohon maharbi da bai taɓa ɗaura madubi a bindigarsa ba. Ya leƙa sau ɗaya ya ce, "Ɗana, ai gicciyen nan a kishingiɗe yake." Yana nufin layukan saiti biyu na cikin madubi, na tsaye da na kwance. Ya ɗaura dutse a zare, ya rataya a reshen dalbejiya, muka kwantar da bindiga a kan buhun shinkafa, muka daidaita ta har maɓallin saiti na saman madubin ya kalli sama sak. Zare ya tsaya cak, shi kuwa layin tsaye na cikin madubi ya jingina gefe kamar tsohuwar danga. An manna gicciyen a karkace tun daga inda aka ƙera shi.

Ga yadda yake cutar da mutum. Ido ba ya son karkataccen layi, don haka da ka leƙa sai ka miƙar da gicciyen ba tare da ka sani ba, ka karkatar da bindigar gaba ɗaya. A kusa ba ka ganin komai, saboda dalma ba ta fara sauka sosai ba. A mita 50 kuwa, a irin bindigata, dalmar na sauka wajen santimita 25 daga layin bututu, kuma karkacewar tana kai ta gefe. Kan hasbiya nawa yake? Ko ka kuskure, ko ka karya mata fiffike ta je ta mutu a cikin ciyawa, babu yanka, babu nama. Wannan na biyun ya fi ci min rai.

Bayan haka muka gwada maɓallan. An rubuta 1/4 MOA, wato kowane ƙas ɗaya ya matsar da saiti kusan milimita 7 a mita 100. Na murza sama ƙas arba'in ina kallon zaren, gicciye ya tafi a karkace. Na dawo arba'in, bai koma mazauninsa ba. Ga kuma bindiga mai sifirin tana dukan madubi gaba da baya, ba baya kaɗai ba, madubin da ba a yi shi don ita ba kuwa ba ya jurewa. Kafin wata ya cika gicciyen ya ƙara juyawa, kuma da safiyar farko da aka yi sanyi gilashin ya yi hazo daga ciki. Na gaske ana cika shi da iskar gas a rufe ruf don kada hakan ta faru. Kamfanin Leupold, da ke jihar Oregon, ya daɗe yana gargaɗi kan jabun kayansa, kuma ana iya tantance lambar jikin madubi a wurinsu. Lambar nawa iri ɗaya ce da ta wani abokina a Jega, wanda ya saya a hannun mutumin nan wata biyu kafin ni.

Da na tura masa hoton zaren, sai ya sauya murya: in mayar, in haɗa da dubu 15 kuɗin gyara, yana da "injiniya" a Legas. Abokina ya biya wannan ma. Har yau babu madubi, babu kuɗi, lamba a toshe.

In dole sai ka sayi madubi, a kawo maka shi hannu da hannu. Tafi da zarenka da dutsenka, gwajin ba ya buƙatar harbi ko ɗaya, minti biyar ya isa. Mai kaya ya ƙi tsayawa, kama gabanka. Ni na kai ƙorafi banki da ofishin 'yan sanda da shaidar tura kuɗi. Wanda ya faɗa hannun mutumin nan ya ajiye tasa shaidar, ya yi min magana mu haɗa. A makon jiya na sake ganin hoton nan mai zoben zinare a wani zaure na 'yan Yauri, da sabuwar lamba, farashi ya koma dubu 70.