Kaset ɗin Contra: na Japan za ka saya, na Amurka, ko na Turai?

Duk wanda ya taso a gaban ƙaramar na'urar gem ɗin nan mai kaset rawaya ya san Contra. Sojoji biyu ba riga, ɗaya da shuɗin wando, ɗaya da ja, suna ratsa daji suna ɓarin wuta, kowa na rige-rigen ɗaukar bindigar nan mai harafin S wadda ke watsa harsashi biyar a bugu ɗaya. Abin da yawancinmu ba mu sani ba a lokacin shi ne, kamfanin Konami kaset uku ya fitar na wannan wasa, kuma ba abu ɗaya ba ne a cikinsu. Na Japan ya fito a watan Fabrairun 1988 don Famicom, na'urar gem ta kamfanin Nintendo a Japan, na Amurka ya fito a shekarar don NES, takwararta ta Amurka da Turai, na Turai kuwa sai a 1990 ya iso, da wani suna daban, Probotector. In kana shirin fitar da kuɗinka ka mallaki na asali, gara ka san wanne kake nema tun kafin a fara ciniki.

Ni dai na Japan na fi so, kuma zan faɗi dalili.

Ka kunna shi, ka shiga matakin farko, kada ka yi harbi, ka tsaya ka dubi bayan sojan. Ganyen itatuwa na kaɗawa kamar iska na busawa. A na Amurka itatuwan nan a sandare suke kamar an zana su a bango. A mataki na biyar dusar ƙanƙara na zuba daga sama a na Japan, a na Amurka sararin fayau yake. A mataki na takwas, cikin kogon dodannin, bangon kansa motsi yake yi kamar naman da ke da rai, abin har tsikar jiki yake tayarwa. Ban da wannan akwai gabatarwar labari a farko, akwai taswirar tsibirin da ke nuna maka inda ka kai bayan kowane mataki, da hoton sojan yana aika rahoto ta rediyo. Duk waɗannan babu su a kaset ɗin Amurka. Can da ka gama mataki sai a nuna maka makinka a baƙin allo, a wuce gaba.

Dalilin bambancin ba lalaci ba ne, yana cikin kwanson kaset ɗin. A wancan lokacin, a Japan Konami na ƙera kaset ɗinsa da kansa, don haka ya saka wata 'yar ƙwaƙwalwa tasa mai suna VRC2. Aikinta shi ne sauya shafukan zane nan take, shi ya sa ganye ke iya kaɗawa ba tare da wasan ya yi nauyi ba. A Amurka kuwa Nintendo ne ke ƙera kaset ɗin kowa, ba a yarda wani kamfani ya kawo tasa ƙwaƙwalwar ba. Sai aka ɗora Contra a kan allon lantarki na cikin kaset na Nintendo mai suna UNROM, wanda ke ɗaukar kilobayit 128, alhali na Japan na ɗauke da 256. Rabin wuri ke nan, dole aka zubar da kayan ado aka bar gundarin wasan.

Gundarin kuwa yana nan daram a duka biyun, kuma wannan ne ya kamata mai saye ya riƙe. Matakai takwas ne nan da can, bindigogi iri ɗaya, ana yin mutum biyu tare, kuma sirrin nan na rai talatin yana aiki: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sannan Start. Wanda ya sayi na Amurka bai sayi gurgun wasa ba. Hasali ma shi ne wanda aka fi sani a duniya, kuma rubutunsa na Turanci ne. Labarin da ke cikin na Japan da rubutun Japananci yake, in ba ka iya ba sai dai ka kalli hotuna. Hakan ba ya hana wasa ko kaɗan, don ba karatu ake yi a Contra ba.

Labarin ma an sauya shi. A Japan abin ya faru ne a shekarar 2633, a tsibiran Galuga kusa da Niyu Zilan, jaruman kuma Bill Rizer da Lance Bean. Ɗan littafin da ke cikin kwalin Amurka ya dawo da shi zamanin da ake ciki, ya kai shi dazukan Amazon, ya laƙaba wa jaruman Mad Dog da Scorpion.

Na Turai labarinsa daban. Hukumar da ke kare yara daga abubuwan cutarwa a Jamus ta tsananta a kan wasannin da ake harbin mutane, saboda haka Konami ya cire sojojin ya sa mutum-mutumi biyu na ƙarfe, RD008 da RC011, abokan gāba masu siffar mutum su ma aka mai da su ƙarfe. Zanen ya yi kyau ƙwarai, kuma uban da ba ya son yaransa su ga ana harbin ɗan Adam zai iya samun natsuwa da shi. Matsalarsa gudu. Talabijin ɗin Turai na sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, na Japan da Amurka sau 60, don haka Probotector ya fi sauran nawa da kusan kashi ɗaya cikin shida. Ga kuma wani tarko: Nintendo ya raba Turai gida biyu, A da B. Kaset ɗin da aka yi wa Ingila da Italiya ba ya tashi a na'urar Jamus ko Faransa, haka nan akasin haka. Sai ka duba ko harafin A ne ko B a jikin kaset, ka tabbata ya dace da na'urarka.

Maganar gudun nan ta shafe mu ta wata fuskar. Na'urorin kwaikwayon Famicom da suka cika kasuwanninmu an yi yawancinsu ne don talabijin mai 50, irin tsarin da Najeriya ke bi. Ma'ana, Contra ɗin da hannunka ya saba da shi tun yarinta mai yiwuwa ya fi na asali sanyi. Ranar da na fara buga shi a kan gudunsa na gaskiya, matakin nan na gangaren ruwa da nake hayewa ido rufe ya cinye min rai uku kafin in kai rabi. Kwana biyu kawai hannu ya saba, daga nan kuma tsohon gudun sai ka ji kamar tafiya cikin yashi.

Yanzu ga abin da ya fi komai jawo asara. Kaset ɗin Famicom gajere ne, haƙoransa 60. Na NES dogo ne mai ruwan toka, haƙoransa 72. Ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya sai da mahaɗa ta musamman. Na'urorin kwaikwayon nan namu kusan duk masu 60 ne, saboda haka in irinta ce a gidanka, kaset ɗin Japan ne zai zauna a cikinta, na Amurka ko shiga ba zai yi ba. In kuma NES ce ta asali mai murfi a gaba, tana da makulli a ciki da ake kira 10NES wanda ke ƙin kaset ɗin wani yanki, za ka ga jar fitilar tana ƙiftawa allon na ɗaukewa yana dawowa. NES ɗin da aka fitar a 1993, wadda ake cusa mata kaset ta sama, ba ta da wannan makullin.

In na'urar Japan za ka haɗa da kaset ɗin, nemi AV Famicom ta 1993, mai fitar da hoto ta wayar AV. Ta farkon, mai fari da ja, ta wayar eriya kawai take fitar da hoto, a kan tashoshin Japan, kuma samun ta a talabijin ɗinmu wahala ne. Sannan ka yi hattara da wuta. Adaftar Japan ta bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa 230. Ka cusa ta kai tsaye a soket, sai dai ka ji ƙauri. Kada kuma ka kuskura ka sa wa Famicom adaftar NES don ka ga bakin ya shiga, irin wutar da suke fitarwa ba ɗaya ba ce, kuma tana ƙona na'urar.

Jabu ya yi yawa, domin Contra na cikin kaset ɗin da ake nema ruwa a jallo. Na Amurka sukurori ne ke riƙe da shi, don haka ka roƙi mai sayarwa ya buɗe ya ɗauko maka hoton allon da ke ciki. Na gaske yana ɗauke da sunan Nintendo da rubutun NES-UNROM. In ya yi ta kwana-kwana, ka bar masa kayansa. Na Japan ɗame shi aka yi, buɗe shi na iya karya kunnuwan robar, saboda haka a can sai ka nemi bidiyon wasan yana tafiya, a nuna maka gabatarwar farko da itatuwan nan suna kaɗawa. Wannan zai tabbatar maka cewa wasan Japan ne a ciki, sauran kuma sai ka duba takardar jiki, ko launinta ya yi ƙyalli irin na sabon bugu.

Wanda kuma bugawa kawai yake so, bai damu da riƙe kwanso a hannu ba, Konami ya fitar da Contra Anniversary Collection a 2019 don Switch, PlayStation 4, Xbox One da kwamfuta. Na Japan da na Amurka duk suna ciki, kana iya buga wannan ka koma wancan ka gani da idonka. Probotector na NES ne kawai babu, waɗanda aka saka masu wannan suna na Super Nintendo da Mega Drive ne. Mai son mutum-mutumin nan biyu na 1990 sai dai ya nemi kaset ɗin Turai, da na'urar da harafinta ya dace da shi.